Mota Ɗaya, Launi Uku

A wani ƙauye na gundumar Mayahi, can gefen Gulbin Kaba inda goruba ta fi kowane icce yawa, akwai wani malamin lakwal, mutumin Tasawa, wanda abokan aikinsa suka daɗe suna yi wa dariya a bayan ido. Dalili kuwa shi ne, ga shi magidanci, ya doshi shekara arba'in, ma'aikacin gwamnati mai albashi, amma da an sallame sallar asuba sai ya yayyafa ruwa a tsakar ɗakinsa, ya rufe taga, ya zauna gaban wata ƴar motar roba da ba ta kai kamu guda ba, yana shafa mata fenti da buroshin da bai fi tsinken tsintsiya kauri ba. Shekara ɗaya da rabi ya yi a kan wannan aiki. Wani ya ce ƙuruciya ce ta dawo masa, wani ya ce zaman ƙauye ne ya taɓa shi. Ba wanda ya tambaye shi motar wa yake ƙerawa.

Motar ubansa ce. Tsohon ya shiga harkar mota a 1968, yana ɗan shekara 18, a matsayin karen mota, zamanin da gyaɗa ke sarauta a ƙasar nan. Kamfanin SONARA, da aka kafa a 1962, shi ke riƙe da cinikinta, kuma da kaka ta yi sai manyan motoci su yi jerin gwano daga kasuwannin Tasawa da Mayahi da Gazawa, wasu su nufi Kano inda jirgin ƙasa ke jira, wasu su ɗauki doguwar hanya zuwa Paraku a ƙasar Dahome. Da yawa daga cikinsu Berliet ne, ƙirar Liyon ta Faransa, masu dogon hanci, kuma a goshin kowace akwai tambarin kan jirgin ƙasa. Abin dariya ne in mutum ya duba: ƙasar da ba ta da ko taƙi guda na layin dogo a lokacin, ga jirage nan suna yawo cikin rairayinta a goshin motoci. Farin 1973 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki, wake ya gaje shi, tsofaffin motocin kuma suka shiga sauya hannu. Sunan Berliet kansa ya ɓace a 1980, bayan an haɗe kamfanin da Saviem ƙarƙashin Renault.

Ɗaya daga cikin waɗannan tsofaffin motoci tsohon ya tuƙa wa wani Alhaji na Maraɗi shekara da shekaru, har a 1982 Alhajin ya sayar masa da ita, biya sannu-sannu. Ta yi dakon wake da fatu da goro, ta tsallake rufe iyakar Najeriya daga 1984 zuwa 1986 da kyar da jiɓin goshi. Abin da ba ta tsallake ba shi ne karya darajar sefa da aka yi ranar 12 ga Janairun 1994. Injinta ya tsaya a daminar shekarar, kuɗin kayan gyara ya fi ƙarfin maigida, aka ɗora ta bisa duwatsu a ƙofar gida kafin a samu hali. Shekara 11 ana jiran halin. Awaki suka mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa, yaran unguwa suka mai da kanta wurin wasa. A 2005, shekarar yunwar da ta girgiza jihar Maraɗi, ƴan gwangwan suka zo da guduma da sikeli, suka yanka ta, suka auna, suka biya. A wannan shekarar ce ɗan ya shiga makarantar horar da malamai ta Maraɗi. Ba wanda ya taɓa haɗa waɗannan al'amura biyu da baki a gidan, kuma motar ba ta bar ko hoto guda ba.

Yanzu tsohon ya haura saba'in, yana ta rufe masa ido, hirarsa kuma kullum sai ta koma tasha. Jikokinsa suna tambaya yaya motar take, shi kuwa sai ya buɗe hannuwa, ya rasa ta inda zai fara.

Mai karatu ya san motar kara. Kowane yaro a ƙasar Hausa ya taɓa feƙe karan dawa, ya soke shi da ƙaya, ya yanka tsohon takalmin roba ya yi taya. A Turai da Japan akwai manya da ba su bar wannan shagala ba, sai dai sun mai da ita ilimi. Kamfanoni irin su Airfix na Ingila, da Heller na Faransa wanda aka kafa a 1957, da Tamiya na Japan, suna zuba narkakkiyar roba a ma'auni, su fitar da sassan mota ko jirgi ɗaya bayan ɗaya, mai saye ya yanke, ya haɗa da gam, ya yi fenti. Komi da gwargwadonsa: in an rubuta 1/24 a kwali, ma'anarsa kowane santimita ɗaya yana tsaye a madadin 24, wato motar da ta kai mita 8 za ta dawo santimita 33 da ɗan kai. A farkon 2023 wani tsohon abokin karatun malamin da ke zaune a Faransa ya aiko masa da irin wannan kwali. Ba ainihin ƙirar motar tsohon ba ce, ƴar uwarta ce mai dogon hanci, saboda haka sai da ya yanke nan, ya ƙara can. Bodin katako kuwa, wanda kafintocin Maraɗi suka yi wa ta ainihin, shi ya ƙaga abinsa daga fasassun gidajen kaset, domin ya lura robarsu iri ɗaya ce da ta cikin kwalin. Ya fara gwada robar jarka, ya ga ba ta riƙe gam ba ta riƙe fenti, kome aka shafa mata sai ya saɓule.

Haɗawa ba ta ba shi wuya ba. Fenti ne ya kusa kashe aikin tun ba a je ko'ina ba. Ya ɗebo ragowar fentin mai da aka shafa wa ƙofofin azuzuwa, ya ga ya yi kauri, ya tsinka shi da fetur kamar yadda ya ga masu fentin gida na yi. Kafin ya ajiye buroshi, ƙofar ƴar motar ta yi laushi, ta tattare kamar bayan guza. Fetur yana cin irin wannan roba. Inda bai ci ba kuma, fentin ya kwanta da nauyi ya binne kawunan ƙusoshi da layukan ƙofa, sa'an nan ya kwana bai bushe ba, ƙura ta same shi ta zauna.

Daga nan ya koma ga wanda ake kira akirilik, da wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya sayo masa a ƴan ƙananan kwalabe. Shi wannan ɗan uwan fentin ruwa ne da ake shafa wa bango: garin launi ne da wani irin ƙaro na masana'anta, an kaɗa su cikin ruwa. Muddin yana jiƙe ruwa na tsinka shi, ruwa na wanke buroshi. Amma da ruwan ya ƙafe sai ƙwayoyin ƙaron su manne da juna su zama wata siririyar fata wadda ruwa ba ya ƙara narkarwa. A tsakiyar shekarun 1950 masu zane suka fara samunsa a kasuwa a Amurka. Ba ya cin roba, ba ya cika ɗaki da wari, abin da ya sa uwargida ta daina ƙorafi.

Sai dai yana da hali biyu, kuma duka biyun sai an zauna da shi ake sani. Na farko, ba ya son maiƙo. Roba tana fitowa daga masana'anta da ɗan santsin mai a jikinta, yatsun mutum kuma suna ƙara nasu. In an shafa fenti a haka sai ya tattaru ɗigo-ɗigo kamar ruwa a bayan agwagwa, ko ya bushe yau, gobe farce ya ɗebe shi. Dole a wanke sassan da ruwa da sabulu, a bar su su sha iska, a goga musu takardar gogar katako mafi laushi, a yi shimfiɗar farko mai ruwan toka wadda sauran launuka za su kama. Na biyu shi ne gaggawa. Masu yin wannan fenti sun auna shi da iskar ƙasashensu mai laima, inda yake bushewa cikin minti 15 ko 20. A Mayahi, cikin hunturu, kafin buroshi ya tashi daga faranti ya isa jikin mota, bakinsa ya daskare. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, abin ya fi muni: saman fentin ya yi fata, ƙasansa da sauran ruwa, mutum ya koma ya gyara, buroshi ya yage fatar.

Wannan ne asalin al'adun da abokan aikinsa ke yi wa dariya. Asuba yake zaɓa domin ita ce sa'ar da iska ke da ɗan sanyi da sauran laima. Yayyafin ruwa don ƙura ta kwanta ne. Ya sami soso ya jiƙa, ya sa a murfin kwano, ya shimfiɗa masa takardar nan mai shara-shara da ake kwafe taswira da ita a aji, a kanta yake ɗiga fenti, danshin da ke ratsowa ya hana shi bushewa har hantsi. Yana tsinka shi sai ya yi ruwa-ruwa kamar madara, ya ja buroshi sau ɗaya, ba ya komawa, ko da ya ga robar tana leƙowa ta ƙasa. Ya kife wa motar ƙwarya, ya tafi aji. Washegari ya ƙara shafi na biyu, jibi na uku. Wanda ya ga shafin farko zai rantse an ɓata aiki. Sai a na uku launi ke tsayawa sumul, kawunan ƙusoshi kuma suna nan ana ƙirga su.

Da hutun damina na 2023 ya naɗe ta a rawani, ya kai Tasawa. Tsanwa ce shar, kamar yadda tsohon ya sha faɗa, tana ƙyalli, a goshin bodinta ya rubuta SAI HANKALI da bakin allura. Akwai ɗan mutum-mutumin direba da ya zo cikin kwalin, amma tun da farko tsohon ya ce a bar kujera haka nan.

Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya kai ta dab da idonsa, ya juya ta ga hasken ƙofa. Sa'an nan ya ajiye ta bisa cinya, ya bi ta da yatsa tun daga hanci har gindi, ya sake bi. Ya daɗe bai ce komi ba.

"Mushe," in ji shi, domin haka yake kiransa tun ranar da ya kama aiki, rabi girmamawa rabi ba'a, "ka yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Amma wannan ba ta taɓa zuwa Mayahi ba."

Daga bakin murhu tsohuwa ta leƙo, ta ce ai ko launin ma ba shi ba ne, motar shuɗiya ce. Tsohon ya ce tsanwa. Ta ce Malam, a cikinta aka kawo kayan ɗakinta a 1978, in kowa ya manta ita ba ta manta ba. Ya ce shi da ya yi shekara 12 yana wanke ta da hannunsa za a gaya wa launinta? Gardama ta yi tsawo har tuwo ya kusa kamawa. Ɗan da ke zaune tsakaninsu ya nemi nasa tunanin, ya tarar shi ba shuɗi ba tsanwa; abin da ya sani wata ƙatuwar aba ce mai launin ƙasa, zaune bisa duwatsu.

Ya koma ƙauye da ita a naɗe, ransa a jagule. Ga kuma wata sabuwa: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, ɗan kasuwar ya daina zuwa Kano, kwalaben fenti kuma sun kusa ganin gindi. Wata huɗu bai taɓa buroshi ba. Ba mamaki da abin ya tsaya nan, da ba don wata rana a kasuwar Mayahi wani dattijo mai sayar da igiyar kaba ya ƙura masa ido, ya tambaye shi ko shi ne ɗan wane na Tasawa. Ashe tsohon karen motar ubansa ne. Da hira ta kai ga gardamar launi sai dattijon ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Malam, ka zo gida ka tambayi motar da kanta."

Ranar da ƴan gwangwan suka zo, shi ya roƙi maigidansa ƙofa guda, ta wajen karen mota, ya ɗora ta a amalanke ya kawo ƙauyensu. Shekara 18 ke nan tana tsare masa garken awaki. Malamin ya durƙusa gabanta da wuƙar aljihu, ya kankare wuri kamar faɗin dala. A sama tsanwa ce da rana ta cinye har ta koma kamar busasshen ganyen kuka. Ƙarƙashinta shuɗi, na zamanin Alhajin Maraɗi. Ƙarƙashin shuɗin kuma ruwan toka, wanda ba mai rai da ya san motar da shi. Tsohuwa ta yi gaskiya, tsoho ya yi gaskiya. Ita ta riƙe ranar da aka kawo ta, shi ya riƙe ranar da ya gama biya ya kai motar wurin mai fenti.

A nan ya kamata a ɗan tsaya. Ɗan kasuwa in ya ba da aikin zane, ƙyalli yake so, kuma ba a ga laifinsa ba, sabon abu ke kiran ciniki. Amma gidaje nawa ne tsakanin Maraɗi da Damagaram suka ci, suka yi aure, suka je Makka a bayan irin waɗannan motoci, alhali ba su ajiye ko takardar sayensu ba? Abin da ya rage sai bakin tsofaffi, da ƙyauren garke. Wanda zai sake gina irin wannan mota daga baki, in ya goge mata tabo ya goge shekarun da aka yi a cikinta, gara ma ya saya wa yaro ta kanti.

Da aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024, fenti ya iso, malamin ya yi abin da ya fi komi yi masa ciwo: ya sayo alkol a kantin magani, ya jiƙa auduga, ya wanke aikin wata uku tas. Alkol yana ɗebe akirilik ba tare da ya taɓa robar ba. Ya fara daga farko, yana bin shekarun motar da jeri. Ruwan toka shafi biyu, ya bar shi kwana uku ya ƙeƙashe, domin bushewar da yatsa ke ji daban take da ƙarfin da fentin ke yi daga baya. Shuɗi a kansa. Sa'an nan tsanwa, wadda ya karya da ɗigon fari da ɗigon rawaya har ta yi kusa da abin da ya gani a garke. A nan gaggawar fentin ta zama alheri, don da na mai ne, kowane shafi sai ya ci mako.

Bayan haka ya shiga ɓarna da gangan. Ya ɗauki takardar guga yana shafa a hankali a wuraren da hannu da ƙafa da igiya ke ci: matakalar hawa, gefen ƙofa inda direba ke ɗora gwiwar hannu, bakin bodi inda ake jan buhu. Shuɗi ya leƙo, a wasu wuraren har toka. Ya tsinka baƙi da ja-ja da ruwa mai yawa, ya bar su suka gangara cikin layuka da gindin ƙusoshi, inda baƙin mai da tsatsa ke taruwa. Ya yagi ɗan soso ya dangwala tsatsa a ƙarƙashin lagireto. Ƙura kuwa bai haɗa ta da fenti ba. Ya je tsohuwar hanyar da motocin ke bi, ya ɗebo jar ƙasa da farin rairayin gulbi, ya tankaɗe da ɗankwalin matarsa, ya kwaɓa da ruwa da ɗigon gam ɗin kafinta, ya shafa a tayoyi da ciki da bayan bodi. Abu na ƙarshe, ya ɗumama cokali a garwashi, ya kusanta shi da murfin tayar gaba ta hagu har robar ta yi laushi, ya danna. Dattijon ne ya ba shi labarin wannan lotsawa: wata goruba ce a gulbi, cikin dare, a 1984, shekarar yunwar da mutanen karkara suka laƙaba wa El-Buhari, suna ɗauke da hatsin agaji.

Ran Babbar Sallar 2024, bayan an sauko daga idi, ya sake ɗora ta bisa cinyar tsohon. Tsohuwa ce ta fara magana. Ta sunkuya ta ga shuɗin da ke leƙowa a gefen ƙofa, ta ce, "To, ga shi nan," ta koma wajen nama ba ta ƙara ba. Tsohon ya bi ta da yatsa kamar wancan karo. A matakala ya tsaya. A bakin bodi ya tsaya, ya murza ƙurar tsakanin yatsu, ya kai hanci. Da ya iso murfin tayar hagu, yatsansa ya faɗa cikin lotsawar, ya zauna nan.

"Wa ya gaya maka wannan?"

"Yaronka na Mayahi, Baba. Yana gaishe ka."

"Yana raye? Shi ya yi barci ya bar ni da hanya." Ya yi ƴar dariya, sa'an nan ya yi shiru mai tsawo, yatsan yana inda yake. Jikoki sun kewaye shi, an hana su taɓawa. Can ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Kwana biyu suka yi suna yanka ta. Ni na riƙe musu fitila. Da ta zauna nan, tsatsa ce za ta ci ta a banza, ka ji ko, Mushe?"

"Na ji, Baba."

Shekara 19 ba a taɓa kusantar zancen kamar haka ba, kuma ba a ƙara ba. Tsohon ya juya motar, ya lalubi bayanta, ya ɓata fuska.

"Ina buta? Akwai butar alwala a rataye nan, wajen dama, da igiyar kaba. Jar buta. Wa ya taɓa ganin mota ta tashi daga Tasawa ba buta?"

A ma'aunin 1/24 buta ba ta wuce ƙwayar wake ba. Da aka koma lakwal a watan Oktoba, ƴan ajinsa suka ga malaminsu yana tsintar murafun bik a tsakar makaranta, yana ɗaga su ga rana ɗaya bayan ɗaya, yana zubawa a aljihu.